Tsakuwar Ɗanliti

Ni Illa, igiya ce sana'ata. Ban taɓa sauka rijiya ba, kuma ba ni da niyya. Mai sauka shi ne taubashina Ɗanliti, ɗan ƙanwar babana, wanda daga Dungas har Bande babu wanda bai san shi da yasar rijiya da tsamo abin da ya faɗa ciki ba. Shi yana ƙasa cikin laka, ni ina sama na kafe dugadugai a yashi, igiya a hannuna. Shekara ashirin da bakwai muka yi a haka.

Duk shekarun nan, in ya ɗaura igiya a ƙugu ya zauna bakin rijiya ya zura ƙafafu, daga bisimilla sai, "A hankali, Illa." Ko gaban mata masu jan ruwa ne, ko gaban mai gari, sai ya faɗa. Kuma ni ke da laifi, ba zan ɓoye ba. Shekarar da muka fara aiki, a wata rijiya ta Sassumburum, ya girgiza igiya sau biyu, alamar a jawo shi. Ni kuwa lokacin ƙuruciya na ɗibana, ga ƴammata sun taru suna kallo, na ce bari su ga ƙarfi. Na fizgo shi kamar guga. Kansa ya gogi itacen da aka gicciya a bakin rijiyar, rabin kunnensa na dama ya tsaya a can. Ya yafe mini tun jinin bai bushe ba, amma maganar nan bai taɓa fasa ta ba. Nakan yi dariya in ce, "To, Guntun Kunne, na ji." Amma wallahi duk ranar da ya faɗa sai ta soke ni.

Bazarar shekarar saba'in da takwas, rijiyar garinmu, Garin Bunu, ta cika da yashi. Mace ta zura guga ta jawo rabi, rabin ma jajir. Aka sa ranar yasa. Muka zo da hantsi, Ɗanliti ya ɗaura igiya, ya nufi bakin rijiya, sai kawai na ga ya dafe kwiɓinsa na hagu ya durƙusa. Mutumin da kunama ta taɓa harbi a ƙasan rijiya ya gama cika guga kafin ya faɗa mini, shi ne yau yake birgima a yashi yana kiran sunan uwarsa. Nan na san ba wasa ba ne.

Kwana uku muna fama a gida. Matarsa Huraira ta ba shi jiƙo, ta ba shi ruwan kanwa, wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Ciwon ya lafa, mu ce alhamdu lillahi, can an jima ya dawo kamar an aiko shi. Rana ta uku fitsari ya soma zuwa da jini. Huraira ta same ni a zaure ta ce, "Illa, ka ɗauki ɗan'uwanka ka kai shi likita. In ba za ka iya ba, faɗa mini in goya shi."

Ta zuba mana tufafi da garin fura da ƙuliƙuli a akwatin kwano, ta danna kwaɗo, ta miƙo mini mabuɗi. Ta ce, "Kai za ka riƙe. Wannan in ya ga wanda ya fi shi wahala, har rigar jikinsa zai bayar."

Amalanke ya kai mu Dungas, kamyon, wato babbar motar ƴan kasuwa, ya kai mu Magariya. Majo, wato babban mai ba da magani na can, ya danna cikin nan, ya duba fitsarin, ya yi masa allura. Ya ce tsakuwa ce ta taso daga ƙoda ta maƙale a hanya, kuma aikin ya fi ƙarfin Magariya, sai babbar likita, wato asibitin Damagaram. Da allurar ta soma aiki na ga idon Ɗanliti ya dawo daidai, sai na matsa kusa da guntun kunnen na ce, "Ashe tsakuwar da kake kwashewa daga rijiyoyin mutane gida kake kai ta? Ɓarawo!" Ya yi dariya har ya sake dafe kwiɓi.

A Damagaram aka ɗauke shi radiyo, hoton nan da ke nuna cikin mutum. Wanda ya karɓe mu dakta ne, Lokotoro Maina, Babarbare siriri, bai kai arba'in ba, Hausarsa da ɗan nauyi irin nasu. Ya ɗaga baƙin hoton a taga ya nuna mana wani ɗan farin ɗigo.

Ya ce, "Baba, ka ga, tsakanin ƙoda da mafitsara akwai hanya siririya, ba ta fi tsinken tsintsiya biyu kauri ba. Tsakuwarka ta sauko har kusa da ƙarshe, saura kamar faɗin yatsa huɗu, ta tsaya. Ta toshe ruwa a bayanta, shi ya sa ƙodar ke kumbura. Dole ta fita. Ko dai in yi maka fiɗa in ciro ta, ko in gwada kamo ta ta hanyar fitsari ba tare da wuƙa ba."

Ɗanliti ya ce, "In fiɗa ce, ina za ka yanka?"

Lokotoro ya ɗaga masa riga ya ja yatsa daga kwiɓi zuwa mara. Yatsan nan bai bi ko'ina ba sai kan baƙar kantar da igiya ta yi masa a ƙugu.

"Yaushe zan sake ɗaura igiya a nan?"

"Gaskiya zan faɗa maka, Baba. Wata shida, ko fiye. Kuma a shekarunka, ni ba zan ce ka sake rataya nauyin jikinka a kan ɗinki ba."

Ɗanliti ya sunkuyar da kai. Ni na san abin da ke ransa. Yana da gonar gero kamar kowa, amma gona ciyar da shi kawai take yi. In ka raba shi da rijiya, ka bar tsoho mai guntun kunne yana zaune ƙarƙashin itacen bedi yana kallon ƙafafun mutane. Can ya ɗago ya ce, "To mu ga kayan aikin naka."

Lokotoro ya ce, "Kayan aikina?"

"I. Ban taɓa sauka da igiyar da ban murza da hannuna ba."

Na ce shi ke nan, yau za a kore mu. Amma sai Lokotoro ya yi murmushi, ya buɗe wata durowa ya ɗauko wani tsohon kayan aiki da ya daina amfani da shi. Wani ƙarfe ne fari, dogo, kamar sarewa amma siriri. A bakinsa akwai ƴar fitila ba ta fi ƙwayar dawa ba, a gindinsa akwai wurin sa ido. Ya haɗa shi da waya, ƴar fitilar ta kama. Ya waiga yana neman abin da zai gwada mana a ciki, idonsa ya faɗa kan gorar ruwana. Ya zura ƙarfen ta wuyanta ya ce in leƙa.

Na leƙa. Jama'a! Ga cikin gorata tas kamar ɗaki da rana, ga ruwa, ga kuma mushen kyankyaso yana yawo a kai, ƙafafu sama. Tun daga Dungas nake shan ruwan nan ina cewa ya yi daɗi. Ɗanliti ya karɓa ya leƙa, ya ce, "Lokotoro, in ka gama da ni, ka duba cikin wannan. Akwai sauran ƴan'uwan kyankyason a can."

Lokotoro ya gama dariya, sannan ya ce, "Da wannan nake shiga mafitsara in ga bakin hanyar da tsakuwar take. Amma iyakar idona ke nan. Ƙarfen ya yi wa hanyar kauri, ba zai hau ba. Mun ji a wasu ƙasashe ana gwada mai sirantaka wanda zai hau har ya ga tsakuwar ido da ido, amma bai iso mu ba tukuna. Daga bakin hanyar zuwa sama, da wannan nake lalube."

Ya ɗauko wata roba siririya, doguwa, mai zare kamar na fatsa a cikinta. Ya ja zaren daga gindi, sai kan robar ya lanƙwaso ya zama zarge. Ya ce zai tura ta ta gefen tsakuwar har ta wuce, sannan ya ja zaren, zargen ya rungumo ta daga sama.

Ɗanliti ya murza robar tsakanin yatsunsa, ya ja zaren ya saki, ya sake ja. Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Ashe sana'armu ɗaya. Mu ma in guga ya faɗa, madubi muke ɗauka da rana tsaka mu jefa haske ciki. Amma madubi iyakarsa fuskar ruwa. Abin da ke ƙarƙashi, ƙugiya ke nemo shi, hannu ke ji. To in ka kama, sai ka jawo?"

"A'a. Nan ne wuyar. In na ja da ƙarfi, hanyar za ta yage, kuma fiɗar da za a yi a lokacin ta fi wadda kake gudu. Zan bar zargen a ciki, jelarsa a waje, a rataya mata ɗan nauyi kaɗan, kamar goro ɗaya. Kai kuma ka yi ta shan ruwa kana tafiya. Nauyin ne zai riƙa jawo ta sannu-sannu. Zan ba ta kwana biyar. In ba ta fito ba, ko zazzaɓi ya shiga, to sai wuƙa."

Ɗanliti ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Har a Damagaram an san da a hankali." Na ce masa ya ji da tsakuwarsa.

Ranar Alhamis da safe aka shiga da shi. An yi masa allura a baya wadda ta kashe masa jiki daga cibiya zuwa ƙasa. Ni ina waje gindin bedi, na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Kafin azahar Lokotoro ya fito yana goge gumi ya ce zargen ya kama. Ɗanliti kuwa, da aka turo shi, abin da ya fara faɗa mini shi ne, "Yaron nan yana da hannu. Sau uku tana zille masa, bai yi fushi ba."

Da aka zo maganar nauyi, Ɗanliti ya ce a kawo masa aljihun rigarsa. Akwai wani karyayyen haƙorin ƙugiyarsa da ya daɗe yana yawo da shi, wai zai kai wa maƙeri. Aka auna shi a ma'aunin magani, ya yi daidai, aka dafa shi, aka ɗaura a jelar zaren. Wando kuwa ba zai yiwu ba, sai zane. Kai, ranar na huce haushin shekaru! Na ce, "Sannu Goggo, ina za a da zane haka? Biki ko suna?" Ya ce in ya warke zai tura ni rijiya da ka.

Kwanakin farko daɗi muka ji, ban ƙi in faɗa ba. Da safe in dama mana fura, in cika masa buteli da ruwa, mu kama zagayen likita. Daga baranda zuwa famfo, daga famfo zuwa bakin ƙofa wurin mai tsire, mu dawo. Yana tafe ƙafafu a ware, ƙarfen na lilo a cikin zane, masu jinya suna yi masa sannu, yana ba su labarin rijiyoyi. Tun muna yara rabon da mu zauna wuni guda ba aiki, sai a can. Muka tuna mutanen da suka mutu, muka yi gulmar waɗanda ke raye. Salla a zaune yake yi, ni ina gefensa.

Kowace safiya nakan ɗauki gawayi in yi masa alama a cinya daidai inda ƙarfen ya tsaya. Juma'a ya sauko faɗin yatsa ɗaya. Asabar ya ƙara biyu. Muka ce ai an gama, har na aika wa Huraira da saƙo ta bakin wani direba cewa ta soma jiƙa gero.

Lahadi na zo da gawayina, ƙarfe yana nan kan alamar jiya. Litinin ma haka, ko gashi ɗaya bai motsa ba. Ga ciwo ya dawo yana murɗa shi. Lokotoro ya zo zagaye ya duba, ya ce tsakuwar ta iso wurin da ya fi ko'ina matsi, daidai inda hanyar ke shiga mafitsara. Ya ce, "Babu zazzaɓi, wannan ya yi kyau. Amma gobe kwana biyar. In ta kai ƙarfe goma sha ɗaya ba ta fito ba, zan shiga da kai."

Da ya wuce, Ɗanliti ya ce mu je bayan ɗaki inda ba mutane. Muka je, ya jingina da bango, gumi na zuba. Ya ce, "Illa, je ka ciro kwaɗon akwatin nan."

"Me za ka ɗauka?"

"Ba abin ciki nake so ba. Kwaɗon nake so. Ƙarfen nan ya yi kaɗan. Ka ɗaura mini kwaɗon a kai, fizga ɗaya ta fito."

Na dube shi na ga ba wasa yake ba. Kwaɗon Huraira ya yi nauyin goro goma. Na ce, "Ba ka ji abin da Lokotoro ya ce ba?"

"Lokotoro ba shi za a yanka ba. Faɗin yatsa ɗaya ya rage, Illa. Yatsa ɗaya! A kansa zan bar rijiya?"

Gaskiya, raina ya so. Ni ne fa, mutumin da in igiya ta sarƙe ba ya kwancewa sai ya fizga. Mabuɗin yana aljihuna, har na kai hannu na taɓa shi. Sai idona ya faɗa kan kunnen nan. Na fitar da hannuna wayam na ce, "Ba zan kawo ba."

Ya ce, "Kai? Kai da ka cire mini kunne don ƴammata su gani, yau kai ne za ka koya mini haƙuri?"

Shekara ashirin da bakwai bai taɓa faɗar ta haka a fili ba. Ta yi mini zafi, har na ji idona ya kawo ruwa. Kafin in ba shi amsa sai na ga ya kai hannu cikin zane zai ja zaren da kansa. Na yi wuf na cafke wuyan hannayensa biyu. Ya yi ta kiciniya, amma ina! Hannun da ya shekara ashirin da bakwai yana riƙe da shi a kan rami ba zai kuɓuce masa a bayan ɗaki ba.

Na ce, "I, ni na cire maka kunne. Shi ya sa na fi ka sanin abin da fizga ke yi. Ka zage ni har gobe, ba zan saki ba."

Muka tsaya a haka, yana haki ina haki. Can na ji hannayensa sun yi laushi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsoro nake ji, Illa."

Na ce, "Ni ma."

Na zaunar da shi a inuwa, ban saki hannunsa ɗaya ba. Ina zaune sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Ɗanliti, in ƙugiya ta kamo guga, ya zo wuyan rijiya ya maƙale a itace, me kake ce mini?"

Ya ce, "In ce ka tsaya."

"Bayan nan fa?"

Ya ce, "In ce ka sassauta. Ka ba shi igiya kaɗan ya juya da kansa, ya sami hanyarsa."

"To kwana huɗu muna ja. Wa ya sassauta?"

Na sa ya rantse ba zai taɓa zaren ba, na ruga na tare Lokotoro Maina a bakin ofishinsa zai tafi cin abinci. Na kwashe maganar guga da wuyan rijiya na faɗa masa, ina jiran ya ce in koma ƙauyenmu. Ya tsaya yana kaɗa mabuɗin babur ɗinsa a yatsa. Ya ce, "Ka san naman mutum ma in ana jan sa ba hutu, ƙanƙamewa yake yi. Ba zan ce maka zai yi ba. Amma ba abin da za mu rasa."

Ya dawo da kansa ya kwance ƙarfen, ya bar zaren haka nan. Ya sa aka yi wa Ɗanliti allurar sakin jiki, aka kawo babban baho da ruwan ɗumi aka zaunar da shi a ciki. Ni kuwa na tsaya a kansa da buteli, ya shanye in ciko, ya shanye in ciko, har ya ce ko rijiyar Garin Bunu ba ta taɓa ganin ruwa haka ba. Kafin la'asar ciwon ya kwanta, ya yi barcin da rabonsa da shi tun Asabar.

Talata da sassafe Lokotoro ya mayar da ƙarfen. An hana Ɗanliti ci da sha saboda fiɗa, har an kawo rigar da za a sa masa an ajiye a kan gado. Na ce, "Tashi, Goggo, mu zaga." Ya dafa kafaɗata muka fita. Ya so ya yi sauri, na ce a'a, taku ɗaya-ɗaya. Muka je famfo muka dawo. Muka je bakin ƙofa muka dawo. Rana ta ɗaga, inuwar bedi ta soma tsukewa, na ga wata ma'aikaciya ta wuce da tiren ƙarafa an rufe da farin ƙyalle. Shi ma ya gani.

Zagaye na bakwai, muna hawa matakalar baranda, ya tsaya cak ya matse mini kafaɗa. Ya ce, "Wayyo!" Sai na ji ƙwal a kan siminti.

Muka duba ƙasa. Ga haƙorin ƙugiya tsakanin ƙafafunsa, ga zare, ga roba ta biyo, ga zarge a ƙarshenta ya rungume wata ƴar aba baƙa-baƙa mai ƙaya-ƙaya kamar ƙarangiya. Ko ƙwayar wake ba ta kai ba. Na ce, "Wannan? Wannan ƴar banzar ce ta kawo mu Damagaram?" Ɗanliti ya zame ya zauna a matakala, ya ɗaga hannu sama yana hamdala, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa ihu na yi, har masu jinya suka fito suna tambayar wa ya haihu.

Lokotoro ya zo da gudu-gudu, ya ɗaga zargen a haske ya juya shi. Ya ce, "Ta juya kuwa. Dubi, da tsininta ta fito." Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya ce in na gaji da rijiya in zo ya ba ni aiki. Ya riƙe mu kwana biyu yana ba Ɗanliti magani, ya sake ɗaukar radiyo ya ga hanya ta buɗe. Ranar sallama ya sa tsakuwar a ƴar kwalba ya ba shi, ya ce, "Baba, kana ba gari ruwa kana hana kanka. Daga yau, kafin ka sauka ka sha, in ka fito ka sha, ko ba ka jin ƙishi."

Huraira da ta ga tsakuwar ta riƙe baki, sannan ta ce ita da ta haifi takwas ba ta yi rabin rakin da ya yi ba. Ɗanliti ya ce zai jefa ta rijiya ta koma wurin ƴan'uwanta. Huraira ta ce in ya kuskura, shi kaɗai zai sha ruwan. Ta karɓe kwalbar ta jefa cikin kwallarta.

Mako uku bayan haka aka sake sa ranar yasa. Gari ya taru, mata da tulunansu, mai gari a kan tabarma. Na tsaya a kan Ɗanliti sai da ya shanye ƙwarya guda. Ya ɗaura igiya a ƙugu, daidai kan baƙar kantar nan da wuƙa ba ta taɓa ba. Ya zauna bakin rijiya ya zura ƙafafu. Na kafe dugadugai, na naɗa igiya a hannu, na sunkuyar da kai ina jiran maganar da na saba.

Ya ce, "Bisimilla." Sai ya sauka.

Na tsaya kamar an dasa ni, igiya na bi ta tafin hannuna. Na ce ko mantawa ya yi.

Har azahar muna aiki, guga na sauka wayam yana hawowa da yashi. Ruwa ya soma tsattsafowa, na ji shi can ƙasa yana waƙa. Da ya gama ya girgiza igiya sau biyu. Na soma ja, hannu bayan hannu, ina lura da itacen bakin rijiya, ina ba shi lokaci ya dafa bango. Ya kai rabi sai na ji muryarsa ta taso daga ciki, duk gari na ji.

"Kai Illa! Barci kake yi a can? Ja mana!"

Mata suka fashe da dariya, mai gari ma ya dara. Ni kuwa igiyar ma ban iya ganinta ba don hawaye. Na goge ido da kafaɗa, na leƙa na ce, "Yi haƙuri, Guntun Kunne, za ka iso."

Ban ƙara sauri ba, haka na jawo shi har ya dafa bakin rijiya.